Hajiya ta ce a mai da ita ɗakinta

Tambaya: Likita, mahaifiyarmu ta kusa shekara 80. Wata biyu da suka wuce ciwon nimoniya ya kama ta, aka ba ta gado a asibiti kwana 9. A dare na uku ta fara sambatu, ta fizge robar ƙarin ruwa, ta kasa gane ƙanwata da ke jinyarta, har sai da aka ɗaure mata hannu a jikin gado. Da aka sallame ta sai na ɗauko ta daga gidanmu na cikin birnin Katsina na kawo ta gidana a Kaduna. Na ba ta ɗaki a saman bene mai na'urar sanyaya ɗaki da banɗaki a ciki, na samo yarinyar da ke yi mata komai. Amma kullum baya take yi. Ba ta cin abincin kirki, wuni take barci, ta taɓa zamewa a banɗaki, kuma maganarta ɗaya ce: "Ku mai da ni ɗakina." Yayyena sun ce gigin tsufa ne, wasu sun ce a yi mata ruƙiyya. Gigin tsufan ne? Kuma in mai da ita?

Amsa: Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri. Wanda ya ɗauko mahaifiyarsa ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne a gidansa bai yi abin zargi ba, saboda haka kada ka ji kamar laifi nake ɗora maka. Na daɗe ina duba tsofaffi, kuma labarin nan na ji shi daga bakin 'ya'ya da yawa, sunan gari kawai ke sauyawa. Hukunci na ƙarshe yana hannun likitan da zai duba ta ido da ido, amma ga yadda nake ganin lamarin.

Mu fara da daren nan na uku. Gigin tsufa, wanda a asibiti muke cewa cutar mantuwa, ba ya zuwa dare ɗaya. Sannu a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Yau an manta inda aka ajiye makulli, gobe an maimaita tambaya sau biyar, wata rana a zuba gishiri sau biyu a miya, can gaba a ɓata a hanyar gidan maƙwabta. Abin da ya faɗo wa mutum cikin awowi ko kwana ɗaya zuwa biyu, da safe a gaisa da shi lafiya lau, magariba na yi ya koma sambatu yana ganin mutanen da babu su, wannan wani ciwo ne daban. Likitoci na kiransa diliriyam, ni kuma ruɗewar farat ɗaya nake ce wa iyalai. Ƙwaƙwalwa ce ke gazawa na ɗan lokaci saboda jiki ya shiga matsi: zazzaɓi, ƙarancin iskar oksijin a jini (aikin nimoniya ke nan), ƙarewar ruwan jiki, raɗaɗin da ba a kashe ba, fitsari ko bayan gida da ya ƙi fita, ko wani magani da aka ba shi. Dole a bambance su, domin gigin tsufa ba ya komawa baya, ita kuwa wannan ruɗewar sau da yawa takan washe idan an gano abin da ya kawo ta.

Amma ba ciwon kaɗai ya rikita Hajiya ba, ɗakin asibitin ma da hannunsa a ciki. Ka ƙaddara kai ne kwance a gadon nan. Mace ce da ta yi shekara hamsin ko fiye tana farkawa da kiran assalatu daga masallaci guda, ta san carar zakaran gidanta, ta san lokacin da rana ke isowa bakin ƙofarta. Yanzu ga ta a ɗaki mai gadaje jere, fitila a kunne har gari ya waye, in kuma an ɗauke wuta duhu ƙirin. Wannan na nishi, waccan na amai, tsakar dare a yi rasuwa a gadon kusa a ɓarke da kuka. Ƙarfe biyu a tashe ta awon jini, ƙarfe huɗu allura. Tabaronta na cikin jaka, ko an baro shi gida. Samarin likitoci sa'o'in jikokinta suna ɗaga mata zane suna Turanci a kanta. Ƙwaƙwalwar matashi na iya riƙe lissafin kwanaki ko an kulle shi a ɗaki. Ta tsoho da alamomin waje take dogara, kamar yadda ƙafarsa ke dogara da sanda, sai ga shi an ƙwace alamomin gaba ɗaya a daidai lokacin da zazzaɓi ya raunana ta. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke ɗakin marasa lafiya ta wuce desibel 30, wato kwatankwacin raɗa. Duk wanda ya taɓa kwanan jinya ya san abin da kunnensa ya ji.

A wannan shekarar ta 1999 wata likita a Jami'ar Yale ta Amurka, Sharon Inouye, da abokan aikinta suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da tsofaffi 852 masu shekara 70 zuwa sama da aka kwantar a asibiti. Rabinsu an yi musu jinya yadda aka saba. Ɗaya rabin an sa ido a kan abubuwa 6: a riƙa hira da su ana tuna musu rana da wuri, a bar su su yi barcin dare ba da ƙwaya ba, a tashe su su taka, a sa musu tabarau, a taimaki jinsu, a tabbatar suna shan ruwa. A rukunin farko kashi 15 cikin 100 suka ruɗe, a na biyu ba a kai kashi 10 ba. Ka duba jerin nan da kyau, babu na'ura mai tsada ko ɗaya. Mu ma muna da abin da su sai sun nemo 'yan sa-kai kafin su samu, domin a asibitocinmu mai jinya a gefen gado take kwana. Sai dai ba wanda ke gaya mata aikinta ya wuce sayo magani da zubar da fo. Ƙwararrun likitocin tsofaffi kaɗan ne a Najeriya, sai a 2012 ma aka buɗe cibiyar tsofaffi ta farko a asibitin koyarwa na Ibadan, don haka iyali ne za su zama idon majinyacinsu.

Da na haɗu da ƙanwarka a ranar farko, da na ce mata ta kawo tabaron Hajiya da carbinta da zanen rufarta na gida mai ƙamshin turarenta, da ɗan rediyonta in tana da shi. Da safe a yaye labule. A riƙa sanar da ita lokaci da salla, tunda agogonta ke nan: "Hajiya, an kira azahar, yau Talata, muna asibiti, kwananmu uku." Masu jinya su zama mutum ɗaya ko biyu da ta sani, kada kullum a kawo sabuwar fuska. Ita dubiya akwai lada, amma mutum goma a lokaci guda kowa na cewa "Kin gane ni? Wane ne ni?" jarrabawa ce ake yi mata tana faɗuwa a gaban jama'a, kuma tana jin kunyar hakan. Wanda ya zo ya faɗi sunansa da kansa, ya gaishe ta, ya yi addu'a, ya tafi.

Ɗaure hannun nan kuwa, na san dalilinsa. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ko biyu da ɗaki cike da majinyata cikin dare ba su da hannun da za su riƙe kowa. Amma wanda ya ruɗe aka kuma ɗaure shi, abin da yake tsoro ya tabbata ke nan, sai ya ƙara fizge-fizge. Ya fi sauƙi wani nasa ya zauna ya riƙe hannun, a naɗe wurin allurar da bandeji don kada idonsa ya riƙa kaiwa can. Robar fitsari ma a tambayi likita kowace safiya ko lokacin cire ta ya yi, domin tana kawo ƙwayoyin cuta kuma tana ɗaure mutum a gado. Ƙwayar barci irin su diazepam, har da firiton da ake saye a kemis don mura, sukan ƙara wa tsoho ruɗewa.

Ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka: barcin wunin nan. Ruɗewar farat ɗaya iri biyu ce. Akwai mai hayaniya, wadda kuka gani a asibiti, ita kowa na lura da ita. Akwai kuma mai shiru, mutum ya lafe, ba magana, ba cin abinci, iyali su ce "Alhamdu lillahi ta samu barci." Wannan ta biyun ta fi saurin kuɓuce wa ido, har idon likitoci. Kuma ruɗewar takan bi tsoho gida, ta yi makonni ko watanni kafin ta washe sarai. Kafin a yi maganar tafiya Katsina, a kai Hajiya a duba ta cikin makon nan: ƙirji, fitsari, suga, yawan jini, ƙoda, a auna hawan jininta a kwance da kuma a tsaye. A zuba dukkan magungunan da take sha a leda a kai wa likita, har da na gargajiya. A gaya masa maganar rashin cin abinci, domin ciwon damuwa a tsoho sau da yawa haka yake bayyana, ba kuka ba ƙorafi. Ku kuma ku zauna da waɗanda suke gida ɗaya da ita a Katsina ku tambaye su tsakani da Allah yadda take a shekarar da ta gabaci ciwon. In dama ta fara mantuwa ana rufa mata asiri, to mai yiwuwa gigin tsufan na nan a ƙasa, ciwon ya tono shi. In kuwa ita ke riƙe da lissafin adashi da sunayen jikoki har ranar da ta kwanta, kada ku yarda a liƙa mata wannan sunan tun yanzu.

Maganar ruƙiyya, ba na hana kowa addu'a. Karatun Alƙur'ani cikin murya mai taushi daga bakin wanda ta sani yana kwantar da hankalin tsohon da ya ruɗe, na sha gani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ihu a kunne, da taron baƙin fuskoki, da turnuƙe ɗaki da hayaƙi ga wadda huhunta bai gama warkewa ba, da jinkirta zuwa asibiti.

To, mu zo gidanka. Ka ce yarinya na yi mata komai. Nan ne ladabinmu ga iyaye yake yi musu illa ba mu sani ba. A 2007 masu bincike a Amurka suka kwantar da wasu tsofaffi masu cikakkiyar lafiya, 'yan wajen shekara 67, a gado na kwana 10. Da suka tashi, a matsakaicin lissafi kowannensu ya rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Masu lafiya ke nan, suna cin abinci mai kyau. Hajiya ta yi kwana 9 da zazzaɓi, sannan ta ƙara wata biyu ana kawo mata ruwa har bakin gado, ana miƙo mata buta, ana cewa "Hajiya zauna, bari a ɗauko miki." Tsokar da tsoho ya rasa a mako guda takan ɗauki makonni da yawa kafin ta dawo, wani lokaci ba ta dawowa duka. Wanda ƙafarsa ta yi rauni yana tsoron tashi, wanda ba ya tashi ba ya jin yunwa, wanda ba ya ci ƙafarsa na ƙara rauni. Bene kuma ya rufe mata hanyar fita. Ina kyautata zaton tun da aka hau da ita ba ta sauko ba sai in za a je asibiti.

Akwai wani tsohon bincike da nake so. Roger Ulrich ya bi takardun majinyata 46 da aka cire wa matsarmama a wani asibiti a jihar Pensilbaniya tsakanin 1972 da 1981, ya wallafa a 1984. Ɗakunansu iri ɗaya ne, sai dai tagar wasu bishiyoyi take kallo, ta wasu kuma bangon bulo. Masu kallon bishiya sun riga barin asibiti da kusan kwana ɗaya, kuma sun fi ƙarancin neman maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Ƙaramin bincike ne, ban ce a gina asibiti a kansa shi kaɗai ba, amma ka je ka tsaya a tagar ɗakin Hajiya ka ga me take kallo. In katanga ce da waya mai ƙaya, ko labule a sake kullum saboda sanyin na'ura kada ya fita, to dare da rana sun zama ɗaya a wurinta. Hasken safiya da ke shiga ido shi ke saita agogon barci a ƙwaƙwalwa. Wanda bai ga hantsi ba zai yi barcin rana, ya kwana ido biyu.

Yanzu ka tuna tsakar gidanku na Katsina. Ban taɓa shigarsa ba, amma na san irinsa. Ƙasa ɗaya ce shimfiɗe, ba matakala. Tsohuwa na fitowa taku biyar ta sha hantsi a kan tabarma. Daga inda take zaune tana ganin wanda ya shigo daga zaure, tana amsa sallama, tana tsawata wa yaro, tana tsince shinkafa ko ɓarar gyaɗa, tana ce wa matar ɗanta miyar nan ta yi ruwa. Maƙwabciya ta leƙo neman shawarar suna ko biki. Magabatanmu da suka tsara gida haka ba su karanta lafiyar tsofaffi ba, amma a wuri guda sun haɗa mata rana da motsi da mutane da abin yi. A can ita ce uwar gida, magana sai an ji ta bakinta. A Kaduna baƙuwa ce da ake girmamawa. Kai kana ofis, yara na makaranta, in sun dawo ma rabin hirarsu Turanci ce, ƙofa kuma da maigadi, ba mai leƙowa haka kawai.

Wannan maganar ta abin yi an gwada ta. A 1976 Ellen Langer da Judith Rodin suka shiga wani gidan kula da tsofaffi a jihar Konetikat. Mazauna wani hawa aka ce musu su zaɓi yadda za a jera ɗakinsu, su zaɓi daren da za su kalli fim, su zaɓi shuka a tukunya su riƙa ba ta ruwa da kansu. Na wani hawan aka ba su shukar, amma aka ce ma'aikata za su kula da ita, su dai su huta. Bayan mako 3 waɗanda aka bar wa ɗawainiya sun fi kuzari da walwala da shiga mutane. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna tsofaffinmu da akuyarsu ɗaya ko kajinsu uku, waɗanda 'ya'ya kan sayar don "kada ta wahala."

Ƙari a kan haka, ɗakinta na can jikinta ya haddace shi. Ko cikin duhu ƙafarta ta san taku nawa ne daga gado zuwa ƙofa, hannunta ya san inda bango yake. A sabon ɗaki komai sai ta yi tunani, ga ƙwaƙwalwar ba ta gama farfaɗowa ba.

Zamewar banɗakin nan kada ka ɗauke ta ƙaramin abu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma 'yan sama da shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fi kowa kusa da faɗuwa ta biyu. Abin da muke tsoro karayar ƙashin kwatangwalo, domin tsofaffi da yawa daga ita ba su sake tafiya kamar da. Tayil mai sheƙi, ruwan alwala sau biyar a rana, da silifas ɗin roba da ya cinye, in sun haɗu sai dai Allah ya kiyaye. Mafi yawan faɗuwar da nake gani ta tashin fitsarin dare ce ko ta alwalar asuba. Tsoho ya miƙe zumbur daga kwance, jini bai gama hawa kai ba, jiri ya ɗebe shi, ga duhu. Hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke isa idon ɗan shekara 20, balle in akwai yanar ido. Ɗakin da kai kake gani sarai, ita dishi-dishi take ganinsa.

Gyaran ba shi da tsada. Mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da masai da wurin wanka, a kafa shi da kyau yadda zai ɗauki nauyin mutum. A shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa. A sa kujera ta riƙa alwala da wanka a zaune. Fitilar sola ƙarama ta kwana a kunne tsakanin gado da banɗaki, ko an ɗauke wuta. A koya mata in ta farka ta zauna bakin gado tukuna, ta yi addu'ar tashi daga barci a nitse, sannan ta miƙe. In tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, a tambayi likita ko za a mai da shi safe. Gado kada ya yi tsawo, kada kuma ya zama katifa a ƙasa, ya kasance in ta zauna tafin ƙafarta ya taka ƙasa gwiwa ta yi daidai da ƙugu. Salla kuwa ta yi iya abin da za ta iya a tsaye da kujera a bayanta, in ta gaji ta zauna. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke Buhari ya ba da wannan sauƙin.

Kada ka ce na mai da gidan Katsina aljanna. Yana da nasa tarkon. Dokin ƙofa mai tsawo, masai na tsuguno can ƙuryar gida wanda gwiwar ɗan shekara 80 ba ta iya tashi daga kansa, gansakuka a bakin rariya da damina, bakin tabarma da ya naɗe, igiyar akuya. Da hunturu a kai kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa da taga, gawayi kuwa na fitar da iska mai guba marar wari, irin ta hayaƙin janareta, wadda ke kashe mutum cikin barci. Sai zafi, kuma a nan na'urarka ta sanyi tana da hujja. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga rasuwa 102 cikin kwana 4, kusan rabinsu 'yan sama da shekara 60. Bazarar Katsina 'yar uwar waccan ce. Jikin tsoho ba ya zufa kamar na yaro, ƙishirwa kuma ba ta zuwa masa da wuri, sai ruwan jikinsa ya yi ƙasa bai nemi sha ba. In ɗakinta na ƙasa ne mai kaurin bango da rufin azara, ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi nesa ba kusa ba. In kwano ne ba silin, a sa silin, a sa fanka mai aiki da sola, a ajiye ruwa inda hannunta ke kaiwa, a riƙa miƙa mata ba sai ta tambaya ba. Maganar azumi in ya zo, a haɗa likita da malami su yi mata bayani, don ta bakinku ba za ta karɓa ba.

Amsata ga tambayarka ta biyu: ni dai da mahaifiyata ce, da na mai da ita, bayan likita ya duba ta ya ce ba abin da ke buƙatar ta zauna kusa da shi. Magana ɗaya da take ta maimaitawa ba sambatu ba ce, ta san abin da take so kuma tana da dalili. Sharaɗina babba guda ne, a samu babban mutum da zai riƙa kwana ɗaki ɗaya da ita kowane dare, wanda ta sani, ba ƙaramar yarinya mai nauyin barci ba. Sai a gyara masai ya zama na zama, ko a sa kafinta ya yi kujera mai rami da hannuwa a ɗora a kai, a ajiye bokiti mai murfi a ɗaki don dare. A san wanda ke ba ta magani da wanda zai kai ta asibiti in abu ya taso. Kuɗin da kake kashewa a kan man janareta da albashin yarinya, rabinsa ya isa wannan. Shi ma mai jinyar ku riƙa duba shi, ku ba shi hutu, domin gajiyarsa a kanta za ta ƙare.

In kuwa babu wanda zai zauna da ita a can, ko likita ya ce sai ta ƙara zama a Kaduna, to a sauko da ita ƙasa yau, ko da falon baƙi za a mai da ɗaki. A aika Katsina a ɗauko gadonta in zai yiwu, da akwatinta, da sallayarta, da kwanon da take cin tuwo a ciki. A roƙi wata 'yar uwarta ko ƙawarta sa'arta ta zo su zauna ko na wata ɗaya ne. Kowace safiya a fitar da ita ta sha hantsi, kowace yamma ta zaga gida da mai riƙe mata hannu. Abinci a koma irin nata, koko da ƙosai, tuwo miyar kuka, fura da nono, wake da ƙwai don tsoka, kuma a ci tare da ita, kada a kai mata tire a rufo ƙofa. A ce wa yarinyar ta daina yi mata abin da za ta iya yi da kanta, ta tsaya kusa kawai. A ba ta aiki na gaske, ko gyaran zogale ne ko biya wa jikoki karatun allo. Kuma a faɗa mata gaskiya game da ranar komawa. "Sai kin ƙara jin sauƙi" da ake ta ce mata ba rana ba ce, tana kuma gane ana lallaɓa ta ne.

Ranar tafiya ku fita bayan asuba don ku isa da sauran rana, domin isa sabon wuri cikin duhu na iya tayar da ruɗewar, ko da wurin nata ne. Ku tsaya a Zariya ko Funtuwa ta sauka ta taka, ta sha ruwa, ta kewaya. Ranar farko kada a tara mata unguwa, a bari ta kwana biyu tukuna. Sannan ka ja kunnen 'yan uwanka tun yanzu, don na san halinmu: da an ji Hajiya za ta dawo sai a ce a yi mata bazata, a sake fenti, a shimfiɗa tayil, a kwashe tsofaffin kwanuka da ƙullin tsummokaranta a ce tarkace ne, a juya gado ya kalli wata kusurwa. A share ɗakin, a ƙara haske, a kafa ƙarfen dafawa, a rage dokin ƙofa in ya yi tsawo kuma a nuna mata an rage. Sauran kayan a bar kowanne inda ta bar shi, gadon ma a bangon da yake.